Wasiƙa Zuwa Ga Ɗana Da Ke Aiki A Legas

Assalamu alaikum Sani,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Innarka ta kunna mini saƙon muryar da ka turo mata daren Talata, sau biyu na saurara. Na ji an sake sallamar wasu a sashenku, har da wanda ya koya maka aiki, an kuma toshe musu imel tun ba a tashi daga taro ba.

Ban ce ba ka da gaskiya ba. Shugaban da bara ya ce manhajar biyan kuɗi za a sa gaba, bana ya ce a watsar a kama wata, sannan ya ɗora asarar a kan na ƙasa, dole a ji haushinsa. Ka tuna Nokia 3310 ɗina da kuke rububin wasan maciji a kanta? A 2011 shugaban kamfanin, Stephen Elop, ya yi watsi da Symbian, manhajar da ke tafiyar da wayoyinsu na zamani, ya rungumi Windows Phone ta kamfanin Microsoft. Masu haɗa waya ba su suka yanke shawarar ba, amma a 2012 aka rufe masana'antar Nokia da ke garin Salo a Finlan. Da Microsoft ya sayi sashen wayar, a 2014 ya sanar da rage ma'aikata 18,000, kuma 12,500 daga ɓangaren Nokia suke. Ba su suka kashe zomon ba, rataya aka ba su.

Abin da ya hana ni barci shi ne cewar da ka yi za ka amayar da komai a zauren ma'aikata. Kada ka yi. Lokacin da masaƙarmu ta Kaduna ta fara tangal-tangal, ni ne mai baki a bakin get, har muryata ta dushe. Wani abokin aikina bai ce uffan ba, ashe keken ɗinki yake tara wa kuɗi. Ranar da aka sa kwaɗo, shi ya wuce shago, ni na dawo gida da katin shaida a aljihu.

Ka ɗauko takardar ɗaukarka aiki, ka karanta abin da ta ce kan sallama. Kada ka ajiye aiki da kanka cikin fushi, kana iya rasa haƙƙinka. Ka duba asusun fanshonka: kashi 8 daga albashinka, kashi 10 daga kamfani, suna shiga kuwa? Kamfanin da ya fara ciwo ta nan yakan fara ƙwange. In ta kai ga sallama, dokar fansho ta 2014 ta yarda ka ciri kashi 25 na abin da ke asusun bayan wata huɗu ba aiki. Ka fara neman wani wurin a ɓoye, amma ko fayil ɗaya nasu kada ka kwafa, amana ce.

Kuɗin da kake turo mana, ka rage rabi zuwa bayan Sallah. Innarka ta ba direba kilishi da yaji, ka je tasha ranar Asabar ka karɓa.

Mahaifinka