A rinƙa karanta ƙwayar cutar da kaska ke ɗauke da ita

Malam Edita,

Ka ba ni fili in yi magana kan zazzaɓin Kirimiya-Kwango, wanda kaska ke sa wa mutum har ya riƙa zubar da jini ta hanci da dasashi da ƙarƙashin fata. Na yi aiki a ɗakin gwajin dabbobi har na yi ritaya, kuma hankalina bai taɓa kwanciya da wannan cuta ba. Saniya ko raƙumi ko tunkiya za su ɗauki ƙwayar a jininsu kusan mako guda ba tare da wata alama ba. Mahauci da makiyayi da mai jinya su ne ke kwasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin mutum 100 da suka kamu, 10 zuwa 40 kan rasu.

An fara ganin cutar a yankin Kirimiya da ke gabashin Turai a 1944, aka ware ƙwayar a Kwango a 1956, sai a 1969 aka gane abu ɗaya ne. Abin da ya fi damuna shi ne ƙwayar ba kama ɗaya take ba. Gadonta, wato bayanan halittar da ke cikinta waɗanda masana ke karantawa a ɗakin gwaji don gane irinta, kashi uku ne, ƙarami da matsakaici da babba. In iri biyu suka haɗu a jikin kaska ɗaya, sai su yi musayar kashi, a samu sabon iri. Masana sun raba ta gida-gida: na Afirka, na Asiya, na Turai. Gwajin PCR kuwa, wanda ke neman gadon ƙwayar a jinin majinyaci, ana tsara shi ne bisa irin da aka riga aka karanta, kamar neman mutum da tsohon hotonsa. Idan ƙwayar ta sauya sosai, gwajin zai iya kasa gane ta, a ce wa majinyaci ba ita ba ce, mai jinya ta ci gaba da taɓa jininsa ba safar hannu.

Irin da masu bincike a duniya suka fi dogara da shi, IbAr10200, daga kaskar da aka ciro a Sakkwato a 1966 ya fito. Ke nan ƙwayar tana nan tun tuni, kuma tambayar da ya kamata mu yi ita ce wane iri ne ke yawo yau. Kaskar Hyalomma, wadda ta fi yaɗa cutar, ba ta san iyaka ba, tana bin dabbobin fatauci da tsuntsaye masu ƙaura. A 2016 wani mutum ya rasu a Madrid bayan kaska ta cije shi, ma'aikaciyar jinyar da ta kula da shi ta kamu, kuma da aka karanta ƙwayar sai ta fito daga gidan Afirka. Turkiyya, da ta fara ganin cutar a 2002, ta ƙirga sama da mutum 10,000, domin tana nema.

Roƙona ga hukumomin lafiyar mutane da na dabbobi: a riƙa ciro kaska daga jikin dabbobi a mahauta da kasuwannin dabbobi kowace shekara, a gwada, a karanta duka kashi ukun, a saka sakamakon inda masu tsara gwaji za su gani. Likitoci kuma, in mahauci ko makiyayi ya zo da zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya, ku tambaye shi ko kaska ta cije shi ko ya murƙushe ta da yatsa, ku killace shi kafin sakamako ya dawo.

Naka,
Tsohon ma'aikacin ɗakin gwajin dabbobi