Feshi kaɗai ba zai kashe sharon ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili kan tsutsar tumatir, wadda manoma ke kira sharon, masana kuma Tuta absoluta. Asalinta daga Kudancin Amurka ne. Ta shiga Sifen a 2006, ta bazu har ta iso mana, kuma a 2016 ta yi ɓarnar da ta sa gwamnatin Kaduna ayyana dokar ta-ɓaci kan tumatir.

Har yau dabararmu ita ce feshi, a ƙara feshi. Alhali tsutsar tana shigewa cikin ganye ne ta ci daga ciki, inda magani ba ya isa sosai, waɗanda suka tsira kuma su haifi jikokin da maganin ba ya kashewa. Manomi ya ƙarar da kuɗinsa, mu kuma mu ci ragowar gubar a miya.

Akwai abin koyi a gida. Lokacin da wani ƙwaro ya addabi rogo a Afirka, cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta kawo ɗan ƙaramin zanzaro mai kashe shi daga Kudancin Amurka, aka fara sakinsa a 1981, rogo ya farfaɗo. A Nijar ma ana sakin wani irin zanzaro a gonaki don maganin tsutsar zangarniyar gero.

Me zai hana jami'o'inmu, musamman ta Zariya, su samu kuɗin irin wannan bincike? Kafin nan, malaman gona su kai tarkon kama malam-buɗe-littafin da ke haifar da tsutsar har gonakin tumatir na Kadawa da Kura a Kano, su nuna yadda ake kafa shi.

Naka,
Wani mai karatu daga Kano