Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Gwamnan Jihar Kebbi: Maganin Feshi Na Cinye Kifinmu Tun Yana Ƙwai

Mai Girma Gwamna, Kauran Gwandu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya taya ka riƙon amanar da ke wuyanka. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne maganin feshi da ke gangarawa daga gonakinmu zuwa gulbi, da irin ɓarnar da yake yi wa kifi a kwanakinsa na farko a duniya.

Ranka ya daɗe, idan wani ya zuba gamalin, maganin ƙwarin nan mai guba, a gurbi, kifi ya taso ciki sama, kowa yana gani, Sarkin Ruwa ya ji, a nemi mai laifi. Dokar kamun kifi ta 1992 ma ta haramta kama kifi da guba. Ɓarnar da nake magana a kanta ba ta tasowa saman ruwa. Ƙwan tarwaɗa bai fi ƙwayar gero ba. In dubu ɗari suka mutu a dare ɗaya, ba wari, ba gawa, ba mai shaida. Sai bayan shekara ɗaya ko biyu masunci ya jefa koma ya jawo ta sakayau, a ce ruwa ne bai yi albarka ba.

Kai malami ne, ka shugabanci ƙungiyar malaman makaranta ta ƙasa, don haka ka fi ni sanin cewa shekarar da ba a ɗauki yara aji ɗaya ba, sai bayan shekara biyar za a ga aji shida wayam. Haka lissafin kifi yake.

Bari in faɗi yadda abin ke faruwa. Tarwaɗa ba ta saka ƙwai a tsakiyar gulbi. Tana jiran ruwan sama ya sauka, gulbi ya kawo ya malala cikin fadama, sai ta bi dare ta hau cikin ciyawar da ruwa ya shafe, inda zurfin bai kai gwiwa ba. Ƙwan yana da danƙo, yana manne wa ciyawa, uwar kuma ta juya ta bar shi. Cikin kwana ɗaya ko ɗan fiye ya ƙyanƙyashe. Ɗan da ya fito siriri ne kamar zare, ana hango cikinsa, yana ɗauke da 'yar jakar kwaiduwa da zai rayu a kanta kwana uku zuwa huɗu kafin ya fara neman abinci. A wannan tsakanin ta fatarsa yake shaƙar iska, hantarsa ba ta yi ƙwarin tace guba ba, kuma ba shi da ƙarfin gudu. Duk abin da ke cikin ruwan nan yana ratsa shi. Bargi ma a ciyawar fadama yake gina sheƙarsa. Karfasa tana riƙe ƙwanta a baki, amma ruwan da take kurkure su da shi, shi ne dai ruwan fadamar.

To wannan fadama, a daidai wannan lokaci, ita manomi ke fesa wa maganin ciyawa don shinkafa. Can gaba cikin damina a shiga feshin ƙwari, musamman na wake idan ya fara fure. Ruwa ɗaya mai ƙarfi bayan feshi ya isa ya wanke rabon ganye da na ƙasa zuwa inda ƙwan yake. Da rani kuma gulbi ya janye, 'ya'yan kifin da suka tsira su taru a 'yan tafkuna, masu noman rani su kewaye tafkunan da shinkafa da albasa da tattasai, injin ban ruwa ya ja ruwa, rarar ta komo da abin da ta kwaso.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙanƙantar abin da ake bukata. Magungunan ƙwari irin su saifametirin da lamda suna daga cikin waɗanda suka fi illa ga kifi. A gwajin masana, wasu kifayen na mutuwa a ruwan da bai ɗauki fiye da kashi ɗaya cikin miliyan na giram a kowace lita ba. Kwalbar lamda mai rubutun 2.5 tana da giram 25 na maganin a lita guda. Cokalin shayi ɗaya daga cikinta ya isa ya kai ruwa fiye da lita 100,000 wannan matsayi. Yanzu a duba abin da ake yi kullum a bakin ruwa: yaro ya gama feshi, ya sauke tankin daga bayansa, ya tsoma shi a tafki, ya girgiza, ya zubar, ya sake. Ya ɗauraye murfin da ya auna magani da shi, ya wanke rigarsa, ya cillar da kwalbar cikin ciyawa. Ba mugunta ce ta sa shi ba. Ba wanda ya taɓa gaya masa, kuma gargaɗin da ke jikin kwalbar da Turanci yake, da ƙananan baƙaƙe.

Wanda bai mutu nan take ba ma bai tsira ba. Masu bincike sun sha ganin ƙwan da ya ƙi ƙyanƙyashewa, da 'ya'yan kifi masu lanƙwasasshen ƙashin baya, da masu kumburi a kewayen zuciya. Dangin fiya-fiya suna rikita jijiyoyi, ɗan kifi ya riƙa iyo a karkace, ya kasa cafke abinci, ya kasa kauce wa mai cinsa. Sannan ga yunwa. Abincinsa na farko wasu ƙananan halittu ne da ke yawo cikin ruwa, dangin ƙwari da jatan lande, kuma maganin ƙwari bai san bambancinsu da tsutsar gona ba. A ƙasar Japan akwai tafkin Shinji, wanda gonakin shinkafa suka kewaye. A 1993 aka fara amfani da wani sabon nau'in maganin ƙwari a gonakin, waɗannan halittu suka ragu ƙwarai, kamun wani ƙaramin kifi ya faɗo daga kusan tan 240 a shekara zuwa tan 22. Sai a 2019 masana suka fito da bayanin da ya haɗa abubuwan biyu. Japan ke nan, mai kayan aunawa. Mu wa ke auna mana ruwan Gulbin Kabi?

Ba ƙarar manoma na kawo ba. A Kebbi aka ƙaddamar da shirin bashin noman shinkafa na Babban Bankin Najeriya a Nuwamban 2015, kuma shinkafa ta rufa wa gidaje da yawa asiri. Kuɗin 'yan ƙwadago ya yi tsada, ciyawa ba ta jira, maganin feshi ya zama dole ga mutane da dama. Sau da yawa ma manomin shi ne masuncin, da safe yana gona, da yamma yana cikin kwalekwale. Akwai kuma sauran abokan ɓarna: madatsun ruwa da suka rage ambaliya, da taru mai ƙananan ido da ke kwashe har jarirai. Amma na feshi shi ne wanda gwamnatin jiha za ta iya ragewa cikin damina ɗaya ba tare da kashe maƙudan kuɗi ba.

Ina roƙon ka umurci malaman gona na hukumar raya aikin gona ta jiha, KARDA, su sa wannan cikin abin da suke koyarwa, a kuma faɗe shi a gidajen rediyo da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Dakarci kafin ruwan fari: kada a wanke tankin feshi a gulbi ko tafki, a ɗebi ruwa a koma tudu, kada a yi feshi hadari na haɗuwa, a bar tazarar ciyawa tsakanin gona da bakin ruwa. Duk lokacin da gwamnati ta raba maganin feshi ga manoma, a zaɓi mai sauƙin illa ga ruwa, a haɗa da bayani cikin harshen da manomi ke karantawa, har da ajami. Hukumar NAFDAC ta sanar da janye magungunan ciyawa biyu, farakwat daga 2024 da atirazin daga 2025. Jami'an jiha su taya ta duba shagunan kasuwannin ƙauye, don nan ne sanarwar Abuja ke makalewa.

Sarakunan ruwa kuma a jawo su ciki. Argungu ta daɗe da sanin amfanin hana kama kifi a kogin Matan Fada har ranar bikin kamun kifi, wanda UNESCO ta karrama a 2016. Masu wannan ilimi, daga Argungu har Sarkawan Yawuri, sun san kowace fadama da kifi ke hawa ya yi ƙwai. A tambaye su, a shata wuraren, a hana feshi kusa da su a watannin haihuwa, a ɗan tallafa wa manoman da abin ya shafa.

Na ƙarshe shi ne awo. Cibiyar binciken kifin ruwan daɗi tana New Bussa, maƙwabtanmu, ga jami'a a Aliero, ga ta tarayya a Birnin Kebbi. A ware musu kuɗi su riƙa ɗibar ruwa da laka daga fadamun Argungu da Birnin Kebbi da Yawuri a farkon damina, da tsakiyarta, da lokacin noman rani, su buga abin da suka samu kowa ya gani. Ina roƙon a fara wannan kafin damina mai zuwa.

Allah ya ƙara wa Mai Girma lafiya.

Naka,
Wani ɗan Kabi