Zuwa ga aminina da ya kama sabon aiki

Assalamu alaikum, mutumina.

Ya iyali, ya sanyin can? A bakin Goggo na ji an ɗauke ka aikin kula da bayanan gwajin magani, kai kuwa ko uffan ba ka ce mini ba. Allah ya sanya albarka. Amma na san ka da gaggawa, shi ya sa na ce bari in ja maka kunne.

Kada ka taɓa gyara lamba da hannunka, ko da kuskuren a fili yake. In ka ga an rubuta nauyin yaro ɗan shekara biyu kilo 110, ka san 11.0 ake nufi. Duk da haka mayar wa asibitin da tambaya, su duba takardar asali, su gyara da kansu. REDCap, manhajar da ake shigar da bayanan a cikinta, na ajiye sunan wanda ya canza abu da lokacin da ya canza, kuma nan masu sa ido ke fara leƙawa. In a takarda ne, layi ɗaya ake ja a kan kuskuren yadda zai karantu, a rubuta daidai a gefe, a sa hannu da kwanan wata. Ban da gogewa.

Kwanan watan ma rigima ne: 03/04 a Amurka 4 ga Maris ne, a wurinmu 3 ga Afrilu. Ka dage a riƙa rubuta sunan watan. Sukarin jini kuwa, wani ɗakin gwajin zai aiko da mg/dL, wani mmol/L. Na farkon ake rabawa da 18 a samu na biyun. Gurbin da ba a cike ba, kada ka zuba masa sifili, don "ba a auna ba" daban, "babu" daban.

Af, an sa ranar autarmu bayan Babbar Sallah, kuma mai shayin bakin tasha har yau yana cigiyar bashinsa a wurinka.

Abin da ya fi damuna shi ne mummunan lahani. In mai shan maganin ya rasu ko aka kwantar da shi, cikin awa 24 da samun labari likitan zai sanar da masu ɗaukar nauyin gwajin. Kai kuma ka riƙa gwada wancan rahoton da naka tun yanzu, kada sai ana shirin kulle rumbun bayanai a tarar sun sha bamban. Ka kuma tabbatar ranar da mutum ya sa hannun amincewa da shiga gwajin ba ta zo bayan ɗibar jinin farko ba.

Ka gaishe da uwargida da yara. Ka faɗa mini ko za ka zo bikin, don a tanadar maka ɗaki.

Naka har kullum.