Lissafin karan sigari daga bakin tsohon mai tebur

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ina roƙon ɗan fili in yi magana a kan sigari. Ni ba likita ba ne, ba kuma malami ba. Shekara 14 na yi ina tsaron tebur a bakin titi nan Maradi, ina sayar da alawa, ashana, sabulu, sukari ƙulli-ƙulli da sigari. Da hannuna na riƙa miƙa wa mutane abin da zan kushe yau, saboda haka wanda ya ce mini "sai yanzu?" bai yi ƙarya ba.

Duk ranar 31 ga Mayu, ranar yaƙi da shan taba ta duniya, muna ji a rediyo cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba na kashe fiye da mutum miliyan 7 a shekara, kuma sama da miliyan ɗaya a cikinsu ba su taɓa sa kara a baki ba, hayaƙin wasu ne ya ci su. Ana gama faɗa sai wani a fada ya ce "kowa da ranarsa", ya miƙo mini dala biyar (sefa 25) in ba shi kara. Zancen miliyoyi ba ya shiga kunnen ɗan kabu-kabu. Lissafin aljihu ne ke shigarsa, shi kuwa mai tebur ne ya san shi.

A masu sayen sigari wurina, da wuya ka ga mai sayen kwali. Kara-kara ake saye, ɗaya bayan shayin safe, ɗaya in rana ta take, biyu bayan tuwon dare. Mutum ba ya jin fitar dala biyar, shi ya sa bai taɓa zama ya tara ba. Ni da nake riƙe da littafin bashi na tara. A ɗauka kara ɗaya sefa 25 ne, mutum na shan goma a yini. Sefa 250 ke nan. A wata 7,500, a shekara 91,250. Mai shan mai tsada ya ninka da kansa. Sai ya je kasuwa da kaka ya tambayi kuɗin buhun hatsi, ya ga buhu nawa ya busa a iska. Na san magidancin da zai ce wa uwargida yau babu kuɗin cefane, ya fito ya ce in rubuta masa kara uku. Na rubuta kuwa, Allah ya yafe mini. Kwalayen da nake sarowa duk daga waje suke zuwa, ribata a kara ba ta taka kara ta karya ba, mai gwaɓin tana can wajen kamfanonin da ba su san hanyar Maradi ba.

Shafi mafi tsawo a littafin nan na yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Bai kai shekara 15 ba ya fara, kuma ba abokai ne suka koya masa ba. Manya ne ke aikensa: "Kai yaro, sayo mini kara ɗaya, ka kunno wurin mai shayi." Kafin ya iso da ita sai ya ɗan zuƙa don kada ta mutu. Daga nan ne. Ya yi shekaru yana kabu-kabu da kara a gefen baki. Da tari ya fara, muka ce sanyin hunturu ne, aka yi ta sayen maganin tari wurin masu talla. Hunturu ya wuce, bazara ta zo, tari na nan. Sai ya zama in ya tura babur ɗan nesa kaɗan sai ya dafa bango yana haki kamar wanda ya yi tsere.

Ni na raka shi asibiti. Likitan ya ɗaga hoton ƙirji wajen haske, ya ce hanyoyin iska sun ƙuntace, huhu ya lalace, kuma abin da ya lalace ba ya dawowa, sai dai a hana shi ƙaruwa. Ya ce hayaƙin sigari na ɗauke da sinadarai fiye da 7,000, wajen 70 daga ciki na jawo ciwon daji, nikotin kuma, wato sinadarin da ke sa jarabar taba, cikin daƙiƙoƙi yake isa ƙwaƙwalwa, shi ya sa barin ke da wuya ko ga mai zuciya. Ya tambayi wa ke kwana ɗaki ɗaya da shi. Muka ce matarsa da yara uku. Bai ce kome ba, ya dai rubuta a kawo ƙaramar a duba ta. Babur ɗin da ake ci da shi, shi aka sayar aka yi ta biyan takardun magani. Yanzu yaya yana zaune gida, ni ke kai musu tiyar hatsi.

Yaran yanzu kuma shisha suka samu. Ƙamshin tuffa da na'a-na'a ya rufe warin taba, har 'yan mata na sha, ana cewa ruwan tulun yana tace dafin. Ba ya tacewa. A zama ɗaya na awa guda mutum na iya zuƙar hayaƙin da ya kai na kara 100, ga hayaƙin gawayi a kai, ga baki ɗaya da mutum biyar ke karɓa-karɓa a garin da tarin fuka bai ƙare ba. Garin taba da kanwa da tsofaffinmu ke cusawa a leɓe ma ba shi da hayaƙi, amma yana cin dasashi, yana kawo dajin baki.

Doka fa akwai. Nijar ta shiga yarjejeniyar duniya ta yaƙi da taba a 2005, ta yi dokarta mai lamba 2006-12 a watan Mayu na 2006, wadda ta hana shan taba a wuraren taruwar jama'a, ta hana tallarta. Amma duk zamana a tebur ba wanda ya taɓa tsayawa ya karanta mini ita, kuma har gobe za ka shiga motar haya wani ya kunna, mai goyo na gefensa tana kare fuskar jariri da mayafi.

Ranar da muka dawo daga asibiti na kwashe sigarin tebur na mayar wa wanda nake sara wurinsa. Ba zan ɓoye ba, ciniki ya faɗi, don mai sayen kara shi ne mai sayen ashana da goro da alawar kashe wari. Wasu suka koma teburin maƙwabcina, wasu suka ce na zama ustazu. Sai da na ƙara da gyaɗa da ruwan sanyi kafin na farfaɗo.

Roƙona, Malam Edita, ku buɗe fili a kan sayar da sigari kara-kara, ku tambayi mahukunta me zai hana a hana shi, tunda shi ne ke sa ɗan lakwal mai dala biyar ya iya saye. Ku gayyato limamai da masu unguwa su yi wa manya magana kan aiken yara sayo sigari. In kun shirya, ku neme ni, zan zo da littafin bashin, in rufe sunayen mutane, ku karanta lambobin da kanku. Shafin yaya kawai zan cire, don har yau ban soke shi ba.

Wassalam.

Naka,
Wani tsohon mai tebur, Maradi