Koke Zuwa Ga Mai Martaba Sarki Kan Matasan Da Annobar Korona Ta Raba Da Sana'a

Zuwa ga Mai Martaba Sarki,
Ta hannun Sakataren Majalisar Masarauta.

Assalamu alaikum. Allah ya ja zamanin Sarki, Allah ya ƙara wa Sarki lafiya.

Mu talakawanka ne, masu sana'ar hannu da 'yan ƙwadago da iyayen yara. Kukanmu ɗaya ne. Duk zaman da aka yi kan tsaro, maganar 'yan sintiri da motoci da shingen bincike ake yi. Ba mu ji an tambayi mutum nawa korona ta raba da abin yi ba, balle a bi sawun inda suke yanzu.

Ranka ya daɗe, cutar ta lafa, amma ɓarnar da ta yi wa neman abinci tana nan. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 kaɗai an yi asarar kashi 8.8 cikin ɗari na awannin aiki, daidai da cikakken aikin mutum miliyan 255. A ƙasashe masu arziki, gwamnatoci da dama sun biya wani kaso na albashin waɗanda suka zauna a gida. A ƙasashe masu tasowa kuwa, yawancin mutane sai sun fita suke samu. Tela ya fara cin jari, jari ya ƙare, ya sayar da keken ɗinkin. Ya sallami yaran da ke koyo a hannunsa, ya ce sai an buɗe gari. Aka buɗe gari, shi kansa ya koma yaron wani, su kuma ba wanda ya sake kiransu.

Waɗannan yaran ne ke hana mu barci. Saurayi mai ƙarfi a jika, ba aiki, ba jari, ga kunyar miƙa hannu a gida, sai wani ya zo masa da tayin babur da waya da kuɗin kashewa. A 2023 Hukumar Raya Ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto bayan tattaunawa da mutum kusan 2,200 a ƙasashen Afirka takwas. Ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka shiga ƙungiyoyin masu tsattsauran ra'ayi don raɗin kansu sun ce neman aiki ne ya kai su, dalilin da ya zarce na addini. Da yawa kuma sun ce cin zarafin da jami'an tsaro suka yi ne ya ƙarasa tunzura su. Wato kame da duka kaɗai ƙara wa 'yan bindiga ma'aikata suke yi.

Afirka ta Kudu ta ga abin da rashin abin yi kan iya jawowa a Yulin 2021. Tarzoma ta tashi kan ɗaure tsohon shugaba Jacob Zuma, sai ta rikiɗe ta koma wawashe kantuna, mutum sama da 300 suka mutu. Sri Lanka ta dogara da 'yan yawon buɗe ido, annoba ta tsayar da su, ga bashi, a 2022 jama'a suka mamaye fadar shugaban ƙasa har ya tsere.

Ba muna cewa duk marar aiki ɓarawo ba ne. Yawancinsu ko allurar wani ba su taɓa ɗauka ba, kuma haƙurin nasu ne muke tsoron ya ƙare.

Muna roƙon Sarki ya umarci hakimai da dagatai da masu unguwanni su rubuta sunan duk wanda sana'arsa ta durƙushe tun daga kullen korona, gida-gida, domin su suka san jama'a, kuma jerin da ya biyo ta hannun 'yan siyasa 'yan lele yake kaiwa. Da wannan jeri a tunkari ƙaramar hukuma da masu hali, a mayar wa masu sana'a kayan aikinsu bisa sharaɗin kowa zai ɗauki yara ya koyar. A ɗaga wa wanda ya farfaɗo ƙafa kan haraji na wani lokaci. Sannan a ba wakilan masu sana'a da mata kujera a kwamitin tsaro, don uwa kan riga kowa gane ɗanta ya canza abokai.

A shirye muke mu zo fada mu yi ƙarin bayani duk ranar da Sarki ya ba mu dama.

Allah ya taimaki Sarki.

Masu biyayya,
A madadin masu sana'a, 'yan ƙwadago da iyayen matasa.