Kusu mai ƙaya na Abzin da ɗalibanmu masu son bincike

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ni malamin SVT ne, wato kimiyyar halittu da ta ƙasa, a wata lise a nan Tahoua. Duk shekara ina ganin yadda iyaye da mu malamai muke tura duk yaron da ya ci bak D da maki mai kyau zuwa likitanci, wanda bai samu gurbi ba kuwa sai a riƙa yi masa jaje. Ina roƙon fili in yi magana a kan wata hanyar da ba mu cika nuna musu ba, wato binciken yadda naman jiki ke sake tsirowa bayan rauni.

Kowane yaro ya san ƙadangare na maido da wutsiyarsa. Mu ƴan Adam da sauran dabbobi masu shayarwa kuwa rauninmu da tabo yake rufewa, kuma tabo ba ya fitar da gashi ko gumi. Amma ba a hana mu baiwar gaba ɗaya ba. Tun 1931 aka nuna cewa in an yanke kashi biyu cikin uku na hantar kusu, sauran sai ta girma ta cike gurbin. A 2011 masana a Dallas ta Amurka suka gano cewa zuciyar jaririn kusu na gyara kanta, sai dai ikon yana ɓacewa in ya yi mako guda da haihuwa.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne kusu mai ƙaya, da masana ke kira Acomys. A 2012 Ashley Seifert da abokan aikinsa suka wallafa bincike kan waɗanda suka kamo a Kenya. In ka damƙe shi, fatar bayansa sai ta saɓule a hannunka ya tsere, daga baya sabuwar fata ta fito har da gashinta, babu tabo. An huda kunnensa huda mai faɗin milimita 4, ta toshe da sabon guringuntsi. A 2022 wasu masana a Porto ta Fotugal suka yanke lakar bayansa, ta haɗe, ya koma tafiya. To wannan dangin kusun yana zaune cikin duwatsun ƙasarmu, har akwai wanda aka raɗa wa sunan Abzin, Acomys airensis, tun 1921. Ana kiwon danginsa a jami'o'in Turai da Amurka, mu kuma yana maƙwabtaka da mu.

Ba na ɓoye wa ɗalibaina wuyar hanyar. Lisans shekara 3, masta 2, digirin dokta 3 ko fiye, sannan galibi kwangilar bincike ta shekara biyu ko uku a ƙasar waje. In ka dawo ka samu gurbi a jami'a, ƙarin girma na hannun CAMES, hukumar ilimi mai zurfi ta haɗin gwiwar ƙasashen Afirka, su kuma binciken da ka wallafa suke dubawa. Abokinka da ya shiga kasuwa zai riga ka gina gida. Kusun ma ba ya gaggawa: cikinsa kwana 40 ne ko kusa, ƴaƴan kuma biyu ko uku, suna fitowa da gashi, ido a buɗe.

Duk da haka ina ganin aikin namu ne. Ku leƙa asibitocinmu ku ga yaran da suka faɗa wuta lokacin ɗari, da masu ciwon suga da gyambo ya ƙi warkewa, da matan da ke fama da yoyon fitsari, da yaran da cutar noma, wato gyambon da ke farawa daga baki, ta ci wa fuska. Marigayi Abdou Moumouni, ɗan Tasawa, ya duba abin da Allah ya ba mu a yalwace, wato rana, ya gina bincikensa a kai, yau jami'ar Yamai sunansa take ɗauke da shi.

Roƙona ga jami'o'inmu da ma'aikatar ilimi mai zurfi bai taka kara ya karya ba: ɗaki guda na kiwon wannan kusu, da madubin duba ƙananan halittu mai kyau, da wutar rana don kada firji ya mutu, da tallafin karatu ga ɗalibai biyu ko uku da za su gwada kusun Abzin da na Kenya. Kuma a riƙa turo mana masu bincike lise-lise su zauna da ƴan ajin ƙarshe kafin su cike takardar zaɓen fanni.

Na gode.

Wani malamin SVT, Tahoua